Evarts Graham: likitan da ya yaƙi ciwon dajin huhu, ciwon kuma ya zama ajalinsa

A wannan makon mun kawo wa masu karatunmu, musamman 'yan kasuwa da mata masu sana'a na Madarunfa da kewaye, tarihin wani likita ɗan ƙasar Amurka mai suna Evarts Graham. Mun zaɓo shi ne saboda aikinsa ya shafi wani kaya da ba a rasa shi a teburin mai shayi da na ɗan tireda, tun daga kasuwar Maraɗi har iyakar Ɗan Isa, wato taba sigari.

An haifi Graham ranar 19 ga Maris 1883 a birnin Shikago. Mahaifinsa likitan fiɗa ne, shi ma ya gaji sana'ar, ya kammala karatun likita a 1907. A 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Amurka da yawa suna mutuwa saboda mugunyar da ke taruwa a ƙirjinsu. Graham da abokan aikinsa suka gano cewa saurin buɗe ƙirjin ne ke kashe su, suka ce a fara zuƙe ruwan da allura, a jinkirta fiɗar. Nan da nan mace-macen suka ragu. A 1919 aka naɗa shi shugaban sashen fiɗa na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis, kujerar da ya riƙe har 1951.

A wancan zamani, duk wanda aka samu da ciwon daji a huhu, sai dai ya koma gida ya jira kwanansa. A 1933 wani likitan haihuwa mai shekara 48, James Gilmore, ya zo wurin Graham da wannan ciwo. Kafin ranar aikin, Gilmore ya je ya sayi wurin kabarinsa, ya kuma je aka gyara masa haƙora, domin bai san ɓangaren da al'amarin zai faɗa ba. Ranar 5 ga Afrilu, Graham ya buɗe ƙirjin da niyyar yanke wani yanki kawai, sai ya tarar ciwon ya kai bakin babbar hanyar iska. Ya yi shahada ya cire huhun hagu gaba ɗaya. Wannan ne karo na farko da aka yi wa mai ciwon daji irin wannan aiki a zama ɗaya, ya kuma tashi. Gilmore ya warke, ya koma bakin aikinsa.

Sunan Graham ya zagaye duniya, amma da sauran abin da bai sani ba. Shi kansa babban mashayin sigari ne, kuma bai yarda taba na da hannu a ciwon ba. Wani ɗalibi mai suna Ernst Wynder, wanda Graham ya girma da kusan shekara 40, shi ya zo masa da wannan zargi. Malamin ya yi shakka, amma bai kori yaron ba, ya ba shi dama ya riƙa yi wa majinyata tambayoyi. A 1950 suka fitar da sakamakon bincike a kan mutum 684 masu ciwon dajin huhu. A cikin mazan, waɗanda ba su taɓa shan taba ba ba su kai 2 cikin 100 ba. A 1953 kuma suka shafa wa ɓeraye baƙin daɗɗalar hayaƙin sigari a fata, ciwon daji ya fito musu. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi. Graham ya amsa cewa ɗalibinsa ne mai gaskiya, ya kuma daina shan taba.

Sai dai an riga an makara. A farkon 1957 ya kwanta da rashin lafiya kamar mura, da aka ɗauki hoton ƙirjinsa sai ga ciwon a huhu biyun, babu wanda za a cire a bar wani. Ya rasu ranar 4 ga Maris 1957 yana da shekara 73. Gilmore kuwa, wanda aka kama ciwonsa tun bai bazu ba, ya rayu har 1963.

Bambancin mutanen nan biyu shi ne lokacin da aka gano ciwon, kuma a nan ne labarin ya shafe mu. A wurarenmu, duk tarin da ya daɗe mukan ce tarin fuka ne, ko mu ɗora wa sanyi da ƙurar hunturu, mu sayi ƙwaya a hannun mai talla. Tarin da ya wuce mako uku, jini a cikin kaki, rama, ciwon ƙirji, dishewar murya ko sarƙewar numfashi, duk na asibiti ne. Idan gwajin tarin fuka bai nuna komai ba, ko an sha magani babu sauƙi, a koma a nemi hoton ƙirji a Maraɗi. Tun 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai ta fara gashin ciwon da na'ura, amma amfaninta ya fi yawa ga wanda ya je da wuri. Ma'aikatan lafiyarmu su ma suna da darasi: idan babban malami kamar Graham ya koya daga ɗalibinsa yana da shekara 67, to babu wanda ya gama karatu.

Mata kada su ce wannan matsalar maza ce. Hayaƙin sigarin maigida a ɗaki yana shiga huhun uwa da yara. Hayaƙin itace ma, na mai tuyar ƙosai ko mai bandar kifin tafkin Madarunfa, yana cikin abubuwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna jawo ciwon huhu, har da na daji. A riƙa hura wuta inda iska ke ratsawa, a kuma nisantar da goyo daga bakin murhu. Masu tebur kuwa, ribar karan sigarin da aka sayar wa yaro ba ta kai kuɗin motar kai shi asibiti ba idan ya girma. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.