Julia Margaret Cameron: Matar Da Ta Ƙi Yarda A Ƙanƙance Hotunanta

Shekarunta 48 a duniya lokacin da ta mallaki kyamararta ta farko. 'Yarta da surukinta ne suka ba ta ita kyauta a watan Disamban 1863, don ta riƙa ɗebe kewa. Cikin shekaru goma sha biyu da suka biyo baya, Julia Margaret Cameron ta ɗauki hotuna wajen 900, waɗanda a yau ake lissafa su cikin mafi daraja da aka gada daga zamanin Sarauniya Biktoriya.

An haife ta a birnin Kalkata na ƙasar Indiya ranar 11 ga Yunin 1815, mahaifinta ma'aikacin kamfanin Turawan Ingila ne da ke mulkin ƙasar. A 1838 ta auri Charles Hay Cameron, masanin shari'a wanda ya girme ta da shekaru ashirin. Sun koma Ingila a 1848, daga bisani a 1860 suka tare a ƙauyen Freshwater da ke tsibirin Wight, inda suka zama maƙwabtan Alfred Tennyson, sha'irin fadar sarauniya.

Ɗaukar hoto a wancan zamani aikin wahala ne. Sai an shafe farantin gilashi da sinadari, a ɗauki hoton tun yana danye, a ruga a wanke kafin ya bushe. Wanda ake ɗauka kuma dole ya zauna mintuna da dama ba motsi. Julia ta mayar da akurkin kajinta ɗakin ɗaukar hoto, ma'ajiyar kwal kuma ta zama ɗakin wanke shi. Baƙo ko maƙwabci ko 'yar aikin gida, duk wanda fuskarsa ta burge ta bai tsira ba. A haka ta ɗauki Charles Darwin da masanin taurari John Herschel.

Ƙwararrun sana'ar ba su raga mata ba. Sun soki hotunanta da cewa dishi-dishi suke, ga tabo, ga shatin yatsu a jikin gilashi. Gaskiya ne akwai ganganci a wasu, amma dishi-dishin da gangan take barinsa, domin ita halin mutum take nema a fuskarsa, ba ƙirgen gashin gemunsa ba. Gidan tarihi na Kensington ta Kudu, wanda yanzu ake kira Victoria and Albert, ya fahimci haka da wuri, ya sayi hotunanta 80 a 1865.

Babban gwajin ya zo a 1874, sa'ad da Tennyson ya nemi ta yi hotunan da za su raka waƙoƙinsa na Idylls of the King, masu ba da labarin Sarki Arthur da jarumansa. Ta duƙufa wata da watanni tana neman fuskokin da suka dace, tana harhaɗa sulke da alkyabba, tana maimaita ɗauka har sai abin ya yi mata. Mijinta, mai dogon farin gemu, shi ya fito a matsayin boka Merlin, kuma an ruwaito cewa dariyarsa ta sha lalata mata aiki.

Da littafin ya fito, sai ta tarar maɗaba'a ta zaɓi kaɗan daga cikin hotunan, ta sa an sassaƙa su a katako, an buga su 'yan ƙanana. Haske da inuwar da ta sha wahala a kansu duk sun ɓace. Wata da ta haɗiye takaici ta gode wa babban sha'iri. Julia kuwa sai ta zuba kuɗinta ta fitar da nata bugun, manyan kundaye biyu, a ƙarshen 1874 da kuma 1875. Kowane hoto na ainihi ne, an manna shi da cikakken girmansa, kusa da shi kuma ga baitocin da ya fassara, cikin rubutun hannunta. Da haka hoto ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da waƙa, maimakon ya zama ɗan rakiya.

Ta fuskar ciniki dai kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Kundayen sun yi tsada, masu saye ba su da yawa, ga shi kuma gonakin gahawar iyalin a tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, ba sa kawo abin da aka saba. A watan Oktoban 1875 ita da mijinta suka tattara suka koma can kusa da 'ya'yansu maza. Cikin kayan da suka loda a jirgin ruwa har da akwatunan gawa biyu.

Ta rasu a Silon ranar 26 ga Janairun 1879, mijin ya bi ta shekara guda bayan haka. A 1926 marubuciya Virginia Woolf, jikar 'yar'uwarta, ta haɗa kai da Roger Fry suka buga zaɓaɓɓun hotunanta. Gidanta na Freshwater, wanda ta raɗa wa suna Dimbola, yanzu gidan tarihi ne.