Adolphe Sax: maƙerin saksofon da ya rasu cikin talauci

Daga waƙoƙin hailaif na E.T. Mensah a Ghana, zuwa kiɗan Fela Kuti a Legas da na Manu Dibango ɗan Kamaru, akwai abin busa guda da kunnen mutanen Afirka ya saba da shi, wato saksofon. Sunan ya samo asali ne daga mutumin da ya ƙera shi, Adolphe Sax, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana zaryar kotu a kan abin da ya ƙirƙira.

An haifi Antoine-Joseph Sax, wanda aka fi sani da Adolphe, ranar 6 ga Nuwamba 1814 a garin Dinant da ke ƙasar Beljiyam ta yanzu. Mahaifinsa Charles-Joseph Sax maƙerin kayan busa ne a birnin Brussels, kuma a maƙerarsa yaron ya tashi. Ya koyi busa sarewa da kilarinet a makarantar kiɗa ta birnin, don haka ya san kayan ta wajen ƙira da kuma ta wajen busa. A 1838 ya sami takardar mallakar fasaha a kan gyaran da ya yi wa babban kilarinet.

A 1842 ya koma Paris ba shi da wani jari na a zo a gani. Mawallafin kiɗa Hector Berlioz ya yaba aikinsa a jaridar Journal des Débats, abin da ya fito da sunansa. Ranar 22 ga Afrilu 1845 aka shirya gasa a filin Champ de Mars tsakanin ƙungiyar masu busa kayan Sax da ta Michele Carafa mai tsofaffin kaya. Ɓangaren Sax ya yi nasara, rundunar sojan Faransa kuma ta karɓi kayansa. A watan Yuni 1846 aka ba shi takardar mallakar saksofon.

Ra'ayin da Sax ya tsaya a kai shi ne, abin da ke ba wa abin busa muryarsa shi ne siffa da girman iskar da ke cikinsa, fiye da ƙarfe ko itacen da aka yi shi da shi. Jikin saksofon na tagulla ne, siriri a sama, yana buɗewa zuwa ƙasa kamar algaita. Sai dai saman bai ƙare da tsini ba, an datse shi, an dasa baki a wurin. Bakin nan shi ne ɗan guntun da mai busa ke sawa tsakanin leɓɓansa, ɗaure da siririn harshen gora mai karkarwa, kuma a cikinsa akwai kogo. Sax ya yi bakinsa da itace, da kogo mai faɗi zagayayye, wanda ke ba da murya mai taushi.

Shekaru fiye da ɗari bayan haka, masanin kimiyyar sauti Arthur Benade na Amurka ya bayyana ƙa'idar a littafinsa na 1976. Domin sautuka su zauna daidai, iskar da ke cikin bakin ya kamata ta zo kusan daidai da ta tsinin da aka datse. Idan kogon ya yi yawa, sauti yana sauka, mai busa sai ya ƙara tura bakin cikin wuyan saksofon. Idan ya yi kaɗan, sauti yana hawa, sai ya janyo shi baya. Matsalar ita ce wannan turawa da janyowa sun fi shafar sautukan sama fiye da na ƙasa, saboda iskar da ke aiki a lokacin gajera ce. Shi ya sa mutum kan daidaita sauti ɗaya da sauran 'yan ƙungiya, amma da ya hau sama sai a ji ya kauce.

Wannan ne haɗarin da ke gaban masu gyaran baki da hannu. Duk ɗalibin da ya taɓa riƙe magagari a makarantar koyon sana'a irin ta Dabokpa da ke Tamale ya san abin da aka kankare ba ya komawa. Mai busan da ya faɗaɗa kogon don neman murya mai kauri ya riga ya canza ma'aunin sautukansa, wanda ya cike wani sashe don neman ƙara shi ma haka. Masu kiɗan jaz sun koma ga baki mai matsattsen kogo domin muryarsu ta ratsa ta ganguna da ƙahoni, yayin da Sigurd Raschèr, wanda ya rasu a 2001, ya yi ta kira a koma ga faffaɗan kogo irin na Sax.

Shi kuwa Sax bai ci moriyar aikinsa yadda ya kamata ba. Maƙeran Paris da ya ƙwace wa kasuwar soja sun haɗa kai suka maka shi a kotu, suna neman a soke takardunsa, wasu kuma suna kwaikwayon kayansa. Ya yi nasara a shari'o'i da dama, amma kuɗin lauyoyi da shekarun da aka ɗauka sun cinye dukiyarsa. Sau uku yana karyewa, a 1852 da 1873 da 1877. Ya yi fama da ciwon daji a leɓe a shekarun 1850, ya warke. Daga 1857 ya koyar da saksofon a makarantar kiɗa ta Paris, har aka rufe ajin a 1870, shekarar yaƙin Faransa da Prussia.

Ya rasu a Paris a watan Fabrairu 1894 yana da shekara 79, cikin talauci, aka binne shi a maƙabartar Montmartre. Ɗansa Adolphe-Édouard ya ci gaba da maƙerar, kafin kamfanin Selmer ya saye ta a ƙarshen shekarun 1920. A shekarun 1990 Beljiyam ta sa hotonsa a kan takardar kuɗinta ta faran 200.