Harold Hurst: Mutumin da ya gano cewa shekarun fari jere suke zuwa

Garin Showak da ke jihar Gadarif a gabashin Sudan, jihar da Hausawa da yawa suka daɗe da zama a cikinta, yana bakin kogin Atbara. Daga nan ne ake tura ruwan sha ta bututu zuwa birnin Gadarif. Kogin yakan cika ya tumbatsa idan damina ta sauka a tsaunukan Habasha, da rani kuma ya janye sosai. Duk mai son shayar da birni daga irin wannan kogi sai ya san yawan ruwan da zai adana. Wannan tambaya ce Harold Edwin Hurst ya yi rayuwarsa a kanta.

An haifi Hurst a 1880 a yankin Leicester na ƙasar Ingila. Ɗan magini ne, kuma ya bar makaranta yana da shekara 15. Da karatun dare ya ci gaba, har ya samu gurbi a Jami'ar Oxford yana da kimanin shekara 20, ya karanta kimiyyar fizik, sannan ya koyar a can na wasu shekaru. A 1906 ya tafi Masar aiki a hukumar safiyo ta ƙasar. Bai rabu da aikin kogin Nilu ba sai bayan shekara 62, har Misrawa suka yi masa laƙabi da Abu Nil, wato uban Nilu.

A lokacin da ya isa, madatsar Aswan ta farko, wadda aka kammala a 1902, ruwan shekara guda kawai take riƙewa. A 1913 Nilu ya kawo ruwa kaɗan ƙwarai, abin da ya nuna haɗarin wannan tsari. Hurst ya shafe shekaru yana auna kogin da rassansa, har da Atbara, yana wallafa alƙaluman a jerin littattafai. A 1946 shi da abokan aikinsa Black da Simaika suka kawo shawarar a gina ma'ajiyar da za ta ɗauki rarar shekarun albarka ta kai ta shekarun fari, a lissafin shekara ɗari.

Saura sanin girman ma'ajiyar. Masu lissafi na zamaninsa suna ɗaukar kowace shekara kamar jefa kwabo, ba ruwan bana da bara. Hurst ya koma kan bayanan ma'aunin ruwa na tsibirin Roda a Alƙahira, waɗanda suka haura shekara 800. Ya haɗa da bayanan ruwan sama, da zoben cikin itatuwa, da lakar ƙasan tafkuna, jeri 690 gaba ɗaya, duk ba tare da kwamfuta ba. Abin da ya gano, ya kuma wallafa a 1951, shi ne shekarun albarka suna bin juna, na fari ma suna bin juna. Ma'aunin da ya kamata ya tsaya a 0.5 in da sa'a ce zalla, sai ya same shi wajen 0.73. Ma'ana, madatsar da aka gina bisa tsohon lissafi za ta iya ƙafewa kafin fari ya wuce.

Daga baya masanin lissafi Benoit Mandelbrot ya sa wa ma'aunin harafin H don girmama Hurst, ya kuma kira wannan ɗabi'a da sunan Annabi Yusuf, saboda labarin shekaru bakwai na yalwa da bakwai na yunwa. Babbar madatsar Aswan, da aka kammala a 1970, ta bi tunanin ajiyar shekaru masu yawa. Hurst ya rasu a watan Disamba na 1978, bai ga yadda tafkin madatsar ya riƙe Masar ba a tsawon farin shekarun 1980.

A yau ɗaliban ilimin ruwa a jami'o'i suna zana birni a kwamfuta: ruwan da ke shiga tafki, wanda ake sha, wanda rana ke ɗauka, da ƙaruwar jama'a. Lissafin Hurst yana cikin abin da ake koya musu, domin idan aka ciyar da na'ura da matsakaicin shekaru kawai, amsarta za ta kwantar da hankali fiye da kima. A yankin Showak akwai ƙarin matsala: madatsar Khashm el-Girba da aka gina a kan Atbara a 1964 ta rasa babban kaso na cikinta saboda laka. A 2017 aka buɗe madatsun Atbara ta Sama da Setit a kusa da garin.

Mutanen Sahel sun san abin da Hurst ya gani a alƙalumansa. Farin da ya fara a 1968 ya kai 1974, wani ya biyo baya a 1984, kuma a watan Yuni na 1985 kogin Neja ya kusa tsayawa cak a Yamai.