J.C. Daniel: Uban Fina-finan Malayalam da Ya Rasu Cikin Talauci

A yau mai kallo a Kano ko Legas yana iya kallon fina-finan jihar Kerala ta kudancin Indiya a wayarsa, irin su Drishyam 2 da aka saki a Amazon Prime Video a 2021. Amma fim na farko da aka yi a wannan masana'anta ta harshen Malayalam ba ya cikin kowace manhaja, domin babu kwafinsa ko ɗaya da ya rage.

Wanda ya shirya shi shi ne Joseph Chellayya Daniel, haifaffen masarautar Travancore a 1900. Sha'awar sinima ta kai shi Bombay, cibiyar fina-finan Hindi, inda ya koyi aikin. Da ya dawo gida sai ya sayar da filayensa, ya kafa kamfanin Travancore National Pictures a Trivandrum. Shi ya rubuta labarin Vigathakumaran, wato yaron da ya ɓata, shi ya ba da umarni, shi ne kuma jarumin. Fim ne marar sauti, labarin yaron da aka sace aka kai Silon, wadda ake kira Sri Lanka a yau. Masana tarihi sun yi saɓani kan shekarar da aka fara nuna shi, wasu suka ce 1928, wasu 1930.

Abin da ya ruguza Daniel shi ne zaɓen jarumarsa. P.K. Rosy 'yar Dalit ce, rukunin da tsarin asali na Indiya ya ajiye a can ƙasa, sai ga ta a matsayin mace 'yar manyan Nair. Masu ganin kansu 'yan asali suka harzuƙa, suka jefi allon majigi a silimar Capitol, aka ƙona gidan da take zaune. Rosy ta tsere zuwa yankin Tamil, ba ta sake fitowa a fim ba. Daniel ya tafka asara, ya koma aikin likitan haƙori. Kwafin fim ɗin kuwa, ɗansa Harris ne ya ƙona shi yana ƙaramin yaro, cikin wasa.

Sai kuma siyasar iyaka ta ƙara masa gishiri a ciwo. Da aka sake fasalin jihohin Indiya a 1956, garinsu ya faɗa jihar Madras, Tamil Nadu ta yanzu. Da ya nemi tallafin da gwamnatin Kerala ke bai wa tsofaffin masu fasaha, aka ƙi shi, hujja mai rauni ga mutumin da ya salwantar da dukiyarsa a Trivandrum. Ɗan jarida Chelangatt Gopalakrishnan ya shafe shekaru yana fafutukar a san da shi, amma Daniel ya rasu a Afrilun 1975 ba tare da ya ga sakamako ba.

A 1992 gwamnatin Kerala ta ƙirƙiro lambar yabo mafi girma a harkar fim ta jihar da sunansa. A 2013 darakta Kamal ya fitar da fim ɗin Celluloid kan rayuwarsa, Prithviraj Sukumaran ya fito a matsayin Daniel.