Grace Hopper: Malamar Lissafin Da Ta Sa Kwamfuta Jin Maganar Mutane

A wannan fitowa shafinmu na tarihin magabata ya leƙa ƙasar Amurka, domin kawo muku rayuwar wata malamar lissafi mai suna Grace Hopper.

An haife ta a birnin New York ranar 9 ga Disamba 1906. Ta sami digirin digirgir a fannin lissafi daga Jami'ar Yale a 1934, ta kuma koyar a Kwalejin Vassar. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ta ajiye alli ta shiga rundunar sojan ruwa, aka tura ta Jami'ar Harvard ta yi aiki da wata ƙatuwar na'ura mai ƙwaƙwalwa da ake kira Mark I.

A farkon zamanin kwamfuta da tsabar lambobi ake ba na'ura umarni. In aiki ya rikice, sai a buga abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta a kan takarda, ma'aikaci ya duƙufa yana ƙirga gurabe, kafin ya gane inda sunan mutum ya ƙare da inda albashinsa ya fara. Ya goce da gurbi ɗaya, lissafi duka ya lalace.

Wannan wahala ce ta ɗaura ɗamarar kawarwa. A 1949 ta koma kamfanin da ke ƙera kwamfutar UNIVAC, inda a 1952 ta fito da A-0, wani shiri mai tafinta tsakanin mutum da na'ura. Daga nan ita da ma'aikatanta suka ƙirƙiro FLOW-MATIC, harshen da ake rubuta umarni cikinsa da kalmomin Ingilishi, ake kuma bayyana tsarin bayanai a wuri dabam: sunan kowane abu da yawan guraben da zai ci. Harshen COBOL da aka tsara a 1959, wanda ta kasance mai ba da shawara a kansa, ya gaji wannan dabara. A Disamba 1960 aka gudanar da shirin COBOL guda a kwamfutocin kamfanoni biyu, UNIVAC da RCA, ya yi aiki.

A yau mai neman kuskure a shirin kwamfuta yakan buɗe manhajar bincike ta nuna masa kowane gurbi da sunansa. Haƙarta ta cim ma ruwa.

Duk da ɗaukakar da ta samu, ba ta bar koyarwa ba. Takan raba wa masu sauraro guntayen waya masu tsawon kamar santimita 30, wato nisan da haske kan ci cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa, don kowa ya gani da idonsa. Ta yi ritaya a 1986 da muƙamin Riya Admiral tana da shekara 79, ta rasu ranar 1 ga Janairu 1992.

Malamanmu da suka sha ƙurar alli suna fayyace mana abu mai wuya, aikinku da nata ɗaya ne.