Marigayi Alhaji Mamman Shata: Muryar Da Ta Rage A Kan Zare

Daga Wakilinmu na Arewa, Azare

 Kwanan baya a nan Azare, babban birnin masarautar Katagum, na tarar da wani dattijo mai gyaran rediyo ya duƙufa a kan wata tsohuwar rakoda, irin mai manyan faifai biyu na zare. Da ya kunna ta da fari, sai murya ta fito tana jan ƙafa, kiɗan kuma kamar daga cikin rijiya. Ya sāke bel ɗin da ya saki, ya goge kan ƙarfen da zaren ke gogawa, ya miƙe masa zama, sa'an nan ya daidaita gudun zaren ya koma inci 7½ a daƙiƙa ɗaya. Nan take sai ga kalangu tangaran, sai ga muryar Alhaji Mamman Shata. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu waiwayi tarihinsa.

An haifi Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a wajen 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ya yi waƙa ba, domin a ganinsa roƙo ne. Saboda haka ya fara da tallan goro da alewa, amma waƙar da yake yi a dandali ta rinjayi cinikin. Daga Musawa ya koma Bakori, daga baya ya zauna a Kano da Funtuwa, har ya zamana ba inda ba a san kalangunsa ba a ƙasar Hausa.

Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa attajirai da direbobi da manoma. Lokacin yaƙin basasa, watau 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojoji waƙoƙin ƙarfafa zuciya. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dokta. Allah ya yi masa rasuwa a Kano ran 18 ga watan Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka binne, garin ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar.

To, abin lura a nan shi ne, Shata ba ya rubuta waƙa. Nan take yake shirya ta a gaban jama'a, kuma in ya maimaita ta gobe ba za ta zo daidai da ta jiya ba. Ke nan duk waƙar da ba a ɗauka ba ta tafi tare da shi. Wadda muke ji yau, albarkacin faifan garmaho ne, da zaren gidajen rediyo irin na Kaduna da aka buɗe a 1962, da kuma na masu sha'awa da ke zuwa biki da rakodarsu tun kafin kaset ya yawaita.

Shi kuwa zare ba ya jure zafi da laima, kuma ku kun fi kowa sanin laimar Kurmi. Yana yin fumfuna, yana mannewa, kuma rakodar da ba a gyara ba tana iya tauna shi ko ta kankare shi a kunnawa ɗaya.

Saboda haka wanda ya gaji irin wannan faifai a cikin adaka, a Agege ne ko Sabon Badun ko Shagamu, kada ya yi garajen kunnawa, kada kuma ya zubar. Ya nemi gwanin gyara a saita na'urar tukuna, sa'an nan a juye abin da ke ciki a kwamfuta. Mai yiwuwa ne waƙar da ke adakarka ba ta wurin kowa a duniya sai kai.

Allah ya jiƙan Alhaji Shata, ya gafarta masa, amin.