Jacques Monod, masanin da ya gano makullin ƙwayoyin gado

An haifi Jacques Monod a birnin Paris na ƙasar Faransa ranar 9 ga Fabrairu, 1910. Mahaifinsa mai zane ne, mahaifiyarsa kuma 'yar Amurka ce. Ya tashi a garin Cannes, sannan ya yi karatun kimiyyar halittu a jami'ar Sorbonne, inda ya sami digirin digirgir a 1941.

A lokacin yaƙin duniya na biyu, Monod ya shiga sahun masu gwagwarmayar ɓoye da mamayar Jamus, aikin da ya ci rayukan mutane da dama. Da ƙura ta lafa, ya koma cibiyar bincike ta Pasteur.

Tun yana ɗalibi ya lura cewa idan aka ba bakteriya sukari iri biyu, sai ta cinye ɗaya kafin ta taɓa ɗayan. A 1961, shi da François Jacob suka fito da bayani: akwai wani furotin da ke zama a kan DNA ya toshe ƙwayoyin gadon da ke sarrafa sukarin madara. Da zarar sukarin ya samu, furotin ɗin yakan saki, aiki ya kankama. Wannan ya ba su kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1965, tare da André Lwoff.

Masana da suka biyo baya sun ga cewa jikin ɗan Adam ma yana da irin waɗannan makullai, kuma sau da yawa wasu furotin da ake kira kinas ne ke riƙe da mabuɗin. Sukan liƙa sinadarin fosfet a jikin furotin mai toshewa, sai ya ƙara riƙo ko ya sassauta. Furotin Rb misali ne: yana hana ƙwayar halitta rabuwa har sai kinas ya kwance shi. Idan tsarin ya lalace, ƙwayoyin kan yi ta ninkuwa ba birki, abin da kan kai ga ciwon daji. Wasu magungunan sankarar mama na yau kinas ɗin nan suke dannewa.

Monod ya wallafa littafinsa Le Hasard et la Nécessité a 1970, ya zama shugaban cibiyar Pasteur a 1971. Ya rasu a Cannes ranar 31 ga Mayu, 1976, bayan fama da sankarar jini, yana da shekara 66.